Me ya sa waƙar shirin Shanghai ta 1980 ta ƙi tsufa, kuma ta yaya za a gina irinta da Hausa?

Mai Fiyano, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana kiɗa da masana harshe na wannan zaure.

Akwai waƙar buɗe wani tsohon shirin talabijin na Hong Kong da aka fi sani da Shanghai Tan, wanda tashar TVB ta nuna a 1980, labarin 'yan daba da attajiran birnin Shanghai, inda Chow Yun-fat ya fito da malafa da farin ƙyalle a wuya. Frances Yip ce ta rera ta da Kantonanci, irin Sinancin da ake yi a Hong Kong. Yau shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma har gobe ana ɗora ta a kan bidiyo a TikTok, kuma yaron da bai san kalmar Sinanci ko ɗaya ba, in ya ji ta sau biyu sai ka ji yana bin ta da fito.

An ba ni aikin waƙar buɗe wani shiri mai dogon zango da za a sa a YouTube, labarin masunta da dillalan kifi tsakanin Yauri da Argungu, kuma mai shirin ya ce irin waccan yake so. Me ke cikinta da ya sa take kama zuciya haka? Kuma ta ina zan fara in yi tawa da Hausa? Kayan aikina fiyano Yamaha PSR, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da makirfo ɗaya. Tsawon da aka ba ni daƙiƙa 60 zuwa 90.

Malamin Kiɗa, Gusau:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka zauna gaban fiyanonka ka gwada abin da zan faɗa, za ka gani da yatsunka.

Wanda ya tsara karin shi ne Joseph Koo, wanda ya rubuta baitocin kuma James Wong. Koo ne ya yi wa wani shirin TVB waƙa a 1974, Sandra Lang ta rera, wadda ake lissafawa cikin waɗanda suka ɗaga darajar waƙar Kantonanci a lokacin da manyan gari suka fi ganin girman waƙar Turanci da ta Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci. Kafin 1980 hannunsa ya riga ya faɗa a kan wannan aiki.

Karin ya fara da sauti uku kawai: mi, so, la, sai ya tsaya a kan la ya ja. Sai ya sake farawa da mi, so ɗin nan, amma wannan karon ya sauko kan re ya ja. Farko iri ɗaya, ƙarshe daban, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Kunne yana ɗaukar na farko kamar tambaya, na biyu kamar amsar da ba ta gama cika ba, domin re ba gida ba ne, do ne gida. Saboda haka mai sauraro yana jiran a kai shi gida, kuma ba a kai shi sai ƙarshen baitin. Wannan jiran shi ne ƙugiyar.

Kusan duk waƙar tana tafiya a kan sauti biyar: do, re, mi, so, la. Ti yana leƙowa ne kawai a hanyar saukowa gida. In kana son jin wannan tsani ba tare da lissafi ba, ka taɓa baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan sauti biyar yake tafiya, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin waƙar a matsayin baƙuwa. Kuma a tsanin nan babu sauti biyu da ke manne da juna da rabin taki, don haka mai murya ko wace iri zai iya bi ba tare da ya kauce ba.

Ginin kuma kashi huɗu ne: baiti na farko, baiti na biyu da kari iri ɗaya, sai gada, wato sashen tsakiya mai kari daban, sai a koma karin farko. Ga inda gwanintar take. A baitocin farko ana taɓa do na sama sau ɗaya a wuce. Da an shiga gada sai muryar ta hau kan do na saman nan ta zauna, tana maimaita shi. An ɗanɗana maka shi tun farko, sannan aka ba ka shi cikakke lokacin da kalmomin suka koma kan so da ƙi. Kuskuren da ya fi yawa a situdiyoyinmu shi ne a ƙone sautin da ya fi kowane sama tun layin farko, sai a rasa inda za a hau in an zo tsakiya, sai a cike gurbin da ƙara ƙarfin ganga.

Ga lissafin lokacinka. Ka sa gudun a bugu 80 cikin minti, bugu huɗu gida ɗaya, kowane gida daƙiƙa 3 cif. Na daƙiƙa 60: shimfiɗa, wato kiɗan buɗewa kafin murya ta shigo, gida 4, baiti gida 8, gada gida 8, jimla 20. Na daƙiƙa 90: shimfiɗa 4, baiti 8, gada 8, komawa baiti 8, rufewa 2, jimla 30. Ka fara gina na 90 sannan ka yanke na 60 daga jikinsa. Faɗin karin kada ya wuce tsani ɗaya, wato daga do zuwa do na sama, da sauti biyu ko uku, in dai kana son mata su iya bin sa suna aikin gida.

Malamar Harshe, Aliero:

Malam ya yi bayanin kari, Allah ya ƙara basira. Amma rabin sirrin a harshen yake, kuma nan ne abin ya shafe mu kai tsaye.

Kantonanci, harshen Hong Kong da lardin Guangdong, yana da karin sauti shida. Gaɓa ɗaya in ka canza mata tsayin murya ta zama wata kalma. Saboda haka marubutan waƙarsu suna aiki da doka mai tsauri: a fara yin kari, sannan a nemo kalmomin da hawa da saukarsu ta magana ta dace da hawa da saukar karin. Waƙar Mandarin ba ta matsa wa kanta haka ba. Marubutan Kantonanci har suna da dabarar koyo da suke kira 0243, domin in ka furta waɗannan lambobi huɗu da Kantonanci, muryarka tana hawa daga mafi ƙasa zuwa mafi sama. Marubuci sai ya rubuta lambobin a ƙarƙashin karin, sannan ya nemo kalmomi masu irin tsayinsu.

Ku duba sautukan da Malam ya kawo. Kalmar farko long ce, wato igiyar ruwa, karinta na ƙasa ne. Ta biyu ban, karinta na can sama, sai waƙar ta hau la. Da aka maimaita long, kalmar da ta biyo lau ce, mai karin da ya fi kowane ƙasa, sai waƙar ta sauko re. Wato in mutumin Hong Kong ya faɗi layin da bakinsa ba tare da rerawa ba, ya riga ya yi rabin waƙar. Abin da aka gina a kan yadda mutane ke magana ba ya saurin fita daga bakinsu.

Hausa ma harshe ne mai karin sauti: sama, ƙasa, da faɗau, wato wanda ke fara sama ya sauko a gaɓa ɗaya. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama. Kuka na hawaye sama-sama, kuka ta miya sama-ƙasa. Dokarmu ba ta kai tasu tsauri ba, mawaƙa suna karya kari jefi-jefi kuma jimla ta ceci ma'ana. Amma a gindin waƙa, inda kalmomi kaɗan ne kuma ana jan su, karyawar tana fitowa fili.

Muna kuma da abin da ya fi kari muhimmanci a waƙarmu, wato nauyin gaɓa. Gari na mutane gaɓarsa ta farko gajera ce. In karinka ya tilasta wa mawaƙiya ta ja wannan ga ɗin, ta koma garin tuwo. Doguwar nota tana zama ne a kan gaɓa mai nauyi, mai dogon wasali ko mai rufe da baƙi. A kalmar ruwa, ru ta wuce da sauri, wa ce za a ja.

Yadda za ka yi aikin, ɗan'uwa:

Ka rubuta layin, ka faɗe shi da muryar magana sau biyar, ka ɗauka a waya. Ka saurara ka sa S (sama) ko Ƙ (ƙasa) a kan kowace gaɓa, ka ja layi a ƙarƙashin masu nauyi. Sannan ka gwada da karin: inda magana ta hau daga wata gaɓa zuwa ta gaba, karin ya hau ko ya tsaya, inda ta sauka, ya sauka ko ya tsaya. Abin da ke ɓata waƙa shi ne kishiya, magana ta sauka kari ya hau. Ba girman tsallen ake dubawa ba, alkiblarsa ake dubawa.

Ka tuna kuma jimlar Hausa tana gangarowa ne a hankali. Sama da ya zo bayan ƙasa ba ya kai tsayin saman da ya gabace shi. Shi ya sa layin da ya fara daga sama ya gangaro ya fi zama a bakin Bahaushe. In kuma ka ɗaga ƙarshen layi da yawa, sai ya yi kama da tambaya. Ka ɗauki muryar wadda za ta rera ɗin, ba taka ba, domin karin wasu kalmomi a Kabi da Zamfara ya sha bamban da na Kano.

Dattijon Mafara:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban musa abin da kunka faɗi ba, amma kada a sa yaro ya ɗauka awon sauti kaɗai ne ya riƙe wagga waƙa.

Shirin kashi 25 ne, kowane kashi da ita anka buɗe shi. Bayan Hong Kong anka nuna shi a babban yankin Sin a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da talabijin ke shiga gidaje. Mutanen Tailan da na Biyetnam sunka karɓe shi, har Biyetnam sunka yi tasu waƙar da harshensu a kan karin. A 1996 anka yi fim da Andy Lau da Leslie Cheung, a 2007 anka sake shirin baki ɗaya. Kowane zamani an sake zuba ta cikin kunnen sabbin mutane. Waƙa mai kyau da ba a maimaita ba mutuwa take yi.

Abu na biyu, kuma shi ne nike son mai tambaya ya riƙe: baitocin ba su ba da labarin shirin ba. Babu sunan jarumi, babu bindiga, babu kuɗi. Kogi kawai anka ɗauka, ana cewa ruwa na tafiya bai tsayawa, ya kwashe al'amuran duniya, har ba ka iya rarrabe daɗi da baƙin ciki ko nasara da faɗuwa a cikinsa. Shi ya sa wanda bai taɓa kallon shirin ba yana iya sa rayuwarsa ciki. Masu yi muna waƙar shiri yanzu sai su jera sunayen 'yan wasa da abin da zai faru kashi na goma. Ranar da shirin ya ƙare, ranar waƙar ta ƙare.

Kuma wanga gini ba baƙo ba ne gare mu. Ku saurari makaɗan fada irin Musa Ɗanƙwairo: gindi gajere ne, jagora ya kawo ɗiya, 'yan amshi su komo ga gindi, kotso na bin maganar. Gindin shi ne abin da mutane ka ɗauka su tafi gida da shi. Kai da labarinka ke kan ruwa, kana da Kwara a Yauri, kana da gulbin Matan Fada a Argungu, kana da homa da gora da kwalekwale. Ka zaɓi hoto guda ka tsaya kansa. Kada ka zuba su duka.

Mai Fiyano, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi gyaran, na cire sunayen 'yan wasa. Layin da nake gwadawa yanzu shi ne "kogi yana tafiya", kuma karin yana hawa ya tsaya a sama a kan gaɓar ƙarshe. Malama, ya zauna? Sannan wajen kayan kiɗa, in na sa gogen fiyano sai ya fito kamar na bikin ƙauye, ba shi da cikar waccan. Mai shirin kuma yana cewa me zai hana mu ɗauki karin nasu kawai mu ɗora Hausa.

Injiniyan Sauti, Tudun Wada Gusau:

Bari in fara da ta ƙarshe domin ita ce mai haɗari. Kada ku ɗauki karin. James Wong ya rasu a 2004, Joseph Koo a 2023, kuma a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya kariyar waƙa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Sake bugawa da fiyanonka bai fitar da kai ba, domin karin kansa mallaka ne, ba faifan kaɗai ba. YouTube na da na'urar da ke gano kari, kuma tunda waƙar buɗewa tana kan kowane kashi, ƙorafi ɗaya zai bi shirin gaba ɗaya: ko kuɗin talla ya koma wajen masu waƙar, ko a toshe bidiyon. Ginin kashi huɗu da tsanin sauti biyar ba na kowa ba ne, su za ka ɗauka.

Batun goge. Abin da ke sa ya yi arha shi ne danna sauti uku ko huɗu da hannu ɗaya a riƙe. Masu goge na gaske kowa layinsa yake bi. Ka ɗauki layi uku daban-daban, kowanne a kan turbarsa: na sama yana bin murya ko yana amsa mata a inda ta yi shiru, na tsakiya yana motsi kaɗan, na ƙasa yana riƙe tushen sauti. Kowace doguwar nota ka zana mata ƙarfi, ta fara a hankali, ta kumbura, ta lafa. Kada ka daidaita su kan layin awo ɗari bisa ɗari. Gogen fiyano yana jinkirin tashi, don haka ka jawo shi baya da kamar milisakan 20 zuwa 40 har ya faɗo daidai da bugu.

Shimfiɗar gida huɗun nan ita ce sallamar shirin, dole a gane ta cikin daƙiƙa uku. Ka ba kayan busa guda ɗaya ita. In za ka samu mai sarewa ko mai algaita ya zo ya busa da bakinsa, ya fi duk abin da ke cikin fiyano, sai dai ka fara auna sautin kayansa sannan ka zaɓi maɓallin waƙar, domin shi ba ya sauya tsayi yadda kwamfuta ke yi. A baitin farko ka bar murya da goge da ƙaramin bugu kawai. Kalangu ko kotso su shigo a gada.

Ɗaukar murya: 48 kHz, bit 24, tunda bidiyo za a ɗora wa. Tazarar baki da makirfo kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, da tace iska a tsakani. In ta hau gada ta ja baya kaɗan. Mafi ƙarfin muryar ya tsaya wajen -10 dB. A kashe fanka, janareta kuma a nisanta shi ko a yi aiki da batir, domin gurnaninsa na 50 Hz yana bin waya ya shiga. Ka yanke duk abin da ke ƙasa da 90 Hz a muryar mace. Amsa-kuwwa daƙiƙa 2 ta isa, ka jinkirta shigarta da milisakan 40 don kada ta haɗiye baƙaƙe irin ƙ da ɗ da ts.

Auto-Tune kuma, manhajar da ke gyara tsayin murya, a sassauta shi sosai. In ka matse shi, yana mayar da faɗau ya zama tsalle biyu, kuma yana goge ɗan lanƙwasar da ke sa a ji mutum ne ke rerawa. Abin da ya riƙe waccan waƙar har da muryar Frances Yip, yadda take buɗe maƙogwaro ta riƙe dogon sauti ba rawa. Ka nemo mai irin wannan numfashin, ka ba ta kwana biyu da waƙar kafin ranar ɗauka.

Wajen fitarwa, YouTube na daidaita ƙara a wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti ne), ƙololuwa kada ta wuce -1 dB. In gidan talabijin zai karɓa, ka yi wani kwafi a -23. Kafin ka miƙa, ka saurara a sifikar ƙaramar waya, nan yawancin masu kallo za su ji ta. In gogen ƙasa ya ɓace, ka ninka layinsa da tsani ɗaya sama a hankali.

Malamar Harshe, Aliero:

Bai zauna ba tukuna, ɗan'uwa, amma gyaran kaɗan ne. Kogi ƙasa-sama ne, ya dace da hawan farko. Yana sama-ƙasa. Tafiya ƙasa-sama-ƙasa ce, wato gaɓar da kake riƙewa a sama ita ce wadda magana ke saukarwa, shi ya sa za ka ji kamar ana tambaya ko kogin yana tafiya. Ka mayar da wannan layi na biyu, inda karin ke saukowa, ya ƙare a ƙasa. Duniya ma nan ne wurinta, sama-sama-ƙasa.

Inda kake son tsayawa a sama kana buƙatar kalma mai ƙarewa da sama da dogon wasali: ruwa, gida, dare, rana, gulbi. Gwada "gulbi ya kawo ruwa". Gaɓoɓinsa bakwai duk sama ne, don haka zai zauna a kan sauti ɗaya da ake maimaitawa, irin zaman da Malam ya ce ana yi a gada. Shida daga ciki masu nauyi ne, ru kaɗai ce gajera, sai ka ba ta rabin bugu ta faɗa kan wa, a ja wa ɗin bugu uku.